Muryar da Ta Riga Halliru Fita

Kafin waya ta shiga aljihun kowa a Malanbil, idan mutum ya rasu bakin Halliru ake jira. Shi ne mai shelar gari. Dogo ne siriri, in ka dube shi sai ka rantse maƙogwaro ne kawai aka yi wa ƙafafu. Aikin gado ne, ubansa ya zo da shi daga Kamba tun gadar Gaya tana sabuwa.

Kayan aikin ba wani abin a zo a gani ba ne, mazurarin kwano ne da maƙeri ya buɗa wa baki. Sai ya tsaya a mararraba, ya gyara murya, ya ce, "Jama'a, don Allah don Annabi, ku ara mini kunne." Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Dendanci. Wallahi da ya faɗi haka taɓarya takan tsaya a sama, mai awo ya saki tiya, mai kabu-kabu ya kashe babur a tsakiyar hanya. Gawa ba ta jira a wannan zafin, wanda bai ji da hantsi ba sai dai ya je gaisuwa.

Abin da ya sa ake tsaya masa kuwa, doka ce da ya ɗora wa kansa: ba ya shelar abin da idonsa bai gani ba. In an ce wane ya rasu, sai ya taka har gidan ya ga an fito da makara. In akuya ta ɓace, sai ya je ya ga turken da igiyar. Ana yi masa tsiya a kan haka, ana cewa ko tashin alƙiyama aka ba shi shela sai ya ce bari ya leƙa tukuna. Amma a rumfar 'yan albasa, in gardama ta yi tsami, da wani ya ce "Halliru ya hwaɗi", to magana ta mutu.

Matarsa Hasiya mai fura ce. Allah bai bar musu ɗa ba, su biyu suka tsufa a gida mai zaure ɗaya. Kullum kafin ya fita sai ta dafa masa ruwan citta da zuma saboda maƙogwaro, alhali ita ke fama da tari shekara da shekaru, ba ta taɓa dafa wa kanta ba.

Da aka buɗe siyasa a ƙasar, a shekarun casa'in, gari ya cika da hotuna. Fuskar mutum a bango, fuskar mutum a jikin kamyo mai dakon kaya, fuskar mutum a zanen da mata ke goyo da shi. Mutanen Malanbil kuwa 'yan kasuwa ne, sun saba da daɗin bakin dillali. A karɓi zane, a sha shinkafar mitin, a karkaɗe riga a koma rumfa, babu wanda ya ɗauki maganar da nauyi.

Wanda ya gane inda gizo ke saƙa shi ne Abdurazak, ɗan wani attajirin shinkafa, wanda ya yi lakwal, wato boko, a Paraku ya dawo yana yi wa ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa, mai alamar ƙwarya aiki. Wata safiya ya yi sallama a zauren Halliru, rakoda a hammata, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ba wahala za mu ba ka ba. Magana kaɗan za ka yi cikin abin ga, shi ke nan. Kuma ga lasifika mai batir mun kawo maka, ka huta da kwanon ga."

A nan Halliru ya faɗa tarko, ba a kan kuɗi ba. Muryarsa ta fara dusashewa da tsufa, shi kaɗai ya sani, shi da Hasiya. Ya juya lasifikar a hannu, ja ce, sabuwa fil, ya ji zuciyarsa ta kwanta a kanta.

"Mi zan ce?"

Abdurazak ya karanta masa. In mai alamar tsani ya ci, za a kwashe kasuwa a kai Kandi, a rufe gada, albasa ta ruɓe a buhu. In ƙwarya ta ci, magani zai cika asibiti, kuma ba wanda za a bari shi kaɗai ran wuya.

"Ni ban ga wanga ba, ɗana."

"Haba Baba, abin da bai zo ba ai ba a ganinai. Amma don Allah ka soma da sallamarka, wadda kowa ya sani."

Kai jama'a! Ya soma da ita. Sallamar da ubansa bai taɓa yi wa ko sarki aronta ba, ya ɗauke ta ya zuba cikin rakoda. Yana tsakiyar magana, daidai inda ya tsaya jan numfashi, Hasiya ta ɗaga murya daga cikin gida, "Malam, ruwanka na hucewa," ta bi da tari. Halliru ya so a sake, Abdurazak ya ce a bar shi, wa zai ji wannan a cikin hayaniyar titi.

Ranar farko abin ya yi aiki fiye da yadda kowa ya zata. Mai kabu-kabu ya shiga kasuwa da lasifika ɗaure a bayan babur, muryar Halliru ta tashi, kasuwa ta yi tsit. Mata suka dafa ƙirji, "Innalillahi, wa kuma?" Sai suka ji batun gada da albasa. Kafin la'asar kowa ya san za a kai kasuwa Kandi, don Halliru ya faɗa.

Shi kuwa yana zaune a zaurensa ya ji kansa yana tahowa daga wajen duwan, ofishin kwastan. Ya ji ya gyara murya, alhali bakinsa a rufe. Bai gama wucewa ba sai ga wani shi ɗin daga wajen tasha, suka haɗu a ƙofar gida, suna yi wa juna katsalandan, suka rabu. Hasiya ta leƙo, ta dube shi, ta dubi hanya, ta ce, "Malam, murya ma kurwa ce. Ka ba da taka an tahi da ita."

Daga nan abin ya riƙa girma. Manoman Garu suka zo cin kasuwa suna yi masa sannu da hanya, wai jiya ya yi musu shela har bakin fadama, shi da rabonsa da Garu tun auren ƙanwarsa. Masunta suka ce suna jin sa a kan ruwa da tsakar rana, ba babur ba mutum, iska ke kawo shi. In batir ya yi sanyi muryar takan ja, ta yi kauri, ta koma ta wani tsoho da ke magana daga cikin rijiya. Wata tsohuwa ta yi kiciɓis da shi a lungu, yana tafe shiru, muryarsa kuwa tana can tana kururuwa a bakin kasuwa. Ta yar da ƙwaryarta ta juya tana a'uziyya.

Ya je ya sami Abdurazak ya miƙa masa lasifikar, ya ce a ba shi kaset ɗinsa. Yaron ya yi dariya, ba ta mugunta ba ma. "Wane daga ciki, Baba? An kwahe shi har ni ban san iyakarsu ba." Haka Halliru ya dawo gida da lasifikar a hannu.

Kunne kuwa yana gajiya. Sallamar da kan tsayar da taɓarya, aka ji ta safe, aka ji ta rana, aka ji ta ana alwala, aka ji ta ana ciniki. Taɓarya ta daina tsayawa. Aka koma in an ji "ku ara mini kunne", sai wani ya amsa, "Mun ara, ba ka maido ba."

Ranar Juma'ar da za a rufe yaƙin zaɓe, rana ce ta kasuwa, gari ya cika ya batse. Da hantsi Halliru ya jira ruwan citta bai zo ba. Ya shiga ya tarar da tukunya a kan murhu ta ƙone, Hasiya a jingine da bango, ludayi a hannu. Allah ya yi mata cikawa.

A al'ada mai shela ba ya shelar gidansa, wani ke yi masa. To wa ke akwai? Matan maƙwabta suka shigo wanka, shi kuwa ya ɗauki tsohon kwanonsa, jar lasifikar bai ko dube ta ba, ya fita. Wannan karon ya gani da idonsa, babu shelar da ya taɓa gani kamar wannan.

Ya tsaya a mararraba ya gyara murya. "Jama'a, don Allah don Annabi, ku ara mini kunne. Hasiya matar Halliru ta riga mu gidan gaskiya. Za a yi mata sutura kahin sallar Juma'a."

Ba wanda ya ɗaga kai. Mai nama ya ci gaba da sara. Wata mata ta wuce shi har zanenta ya taɓa shi, ɗauke da fuskar mai ƙwarya a bayanta. Ya ƙara gaba ya sake, da Hausa da Dendanci, yana tsakiya sai babur ya keto da muryarsa ta kaset, wadda ta fi tasa ƙarfi, ta haɗiye sunan Hasiya ta wuce.

Ya nufi rumfar Kadiri mai albasa, abokinsa tun suna yara, wanda ya yi masa abokin ango. Kadiri ya ba da baya yana ɗinke buhu. Halliru ya tsaya dab da shi, ya ɗaga kwano, ya yi sallamar.

Kadiri ko waiwayowa bai yi ba. Ya kaɗa hannu ta bayan kai ya ce, "Kai mai babur, kashe muna abin ga, mun ji. Ran Lahadi mu jefa ƙuri'a."

Da Halliru ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar Kadiri, da an gama. Amma mutumin da ya shekara arba'in gari na tsayawa don muryarsa, bai san yadda ake taɓa kafaɗa ba. Ya sauke kwanon ya koma gida.

Sahu ɗaya aka yi wa Hasiya, shi ma bai cika ba: liman, maƙwabta, da wasu 'yan dako da aka roƙa su kama makara. Matar da rabin kasuwa ya sha furarta! Sallar gawa kuwa ba ta da ƙara, kabbara ce da shiru. A cikin shirun nan babur ya bi hanyar maƙabarta, batir ya yi sanyi, muryar tana ja: ba wanda za a bari shi kaɗai ran wuya. Ta tsaya jan numfashi. Sai kowa a sahun ya ji, sarai, daga can nesa cikin kaset, "Malam, ruwanka na hucewa." Da tarin. Liman da kansa sai da kabbara ta sarƙe masa.

Da yamma labari ya bi gari baki da baki, mutane suka cika ƙofar gida, Kadiri yana kuka kamar yaro. Halliru ya karɓi gaisuwar kowa da hannu. Ran Lahadi aka yi zaɓe. Kasuwa tana nan inda take har gobe, gada ma haka, kuma da wuya ka sami wanda zai tuna maka ko ƙwarya ce ta ci ko tsani.

Halliru bai sake shela ba. Bayan sadakar bakwai ya bi masu kabu-kabu ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, har wani ya tono masa kaset daga ƙarƙashin sirdi ya ba shi. Ya kai lasifikar ja kasuwa ya yi musanyarta da tsohuwar rakoda.

Shekaru bayan haka, wanda duk ya bi lungun da hantsi yakan ji ana yaƙin zaɓen da aka daɗe da mantawa, a hankali, daga cikin zaure: za a rufe gada, albasa za ta ruɓe. Baƙi sukan tsaya suna dube-dube, 'yan unguwa sukan yi sauri su wuce. Tsoho na zaune a ciki, ya sunkuyar da kai, yana sauraron ƙaryarsa tun daga sallama, don ba shi da wata hanyar isa wurin da ake jan numfashi. In an zo wurin sai ya ɗago ya ce, "Ina zuwa, Hasiya." Sannan ya mayar da kaset baya.