Ihun da Na Yi a Gidan Wasan Guangzhou

Ko zan manta komai na zamana a Guangzhou, ban da ranar da na kunyata kaina a gidan wasan kwaikwayo. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin ina saro takalma a kasuwar Zhanxi ina aikawa Kano.

Dattijon da nake sari a wurinsa, da ƙuruciyarsa ɗan wasan gargajiya ne, irin masu fente fuska suna waƙa da siririyar murya. Yakan ja ni gidan shayi a unguwar Liwan mu yi kallo, ana cin gyaɗa ana surutu, in ɗan wasa ya burge sai kowa ya kwarma "Hao!", wato madalla. 'Yarsa kuwa, mai yi mana tafinta, ta koma wasa irin na Turawa, ba ganga ba fenti, magana zalla. Shekara biyu ya ƙi ko leƙawa, wai ta watsar da gado.

Rannan ta tare ni, idonta ya ciko: "Alhaji, kai yake jin maganarka. Ka taimaka ka kawo shi ranar Asabar. In bai zo ba wannan karon, barin wasan zan yi."

Da ƙyar na lallaɓo shi, yana cika yana batsewa. Muka shiga gidan wasan muka zauna, zauren tsit, ko tari babu. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma da 'yar tasa ta durƙusa tana magana muryarta na rawa, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ni kuwa sarkin iyawa, sai na miƙe na zabga "Hao!"

Innalillahi! Ashe a irin wannan wasan ba a yin haka. Duk aka waiwayo, yarinya ta ƙame a dandamali, maganar ta ɓace mata. Na ce shi ke nan, na kashe mata wasa.

Sai na ji dattijo ya gyara murya. Ya miƙe a gefena ya kwarma tasa, wadda ta fi tawa ƙarfi, hawaye na bin kumatunsa. Ta gane muryar ubanta. Ta ja numfashi ta ci gaba, ba ta sake tuntuɓe ba har ƙarshe.

Da aka tashi ya ce mata, "Takunki a dandamali nawa ne, ni na koya miki." Ta fassara mini tana dariya tana share hawaye.

Tun daga ranar na gane cewa sau da yawa mai fushi ya riga ya huce, kunyar saukowa ce kawai ke riƙe shi. In wani ya riga shi shan kunyar, sai ya sauko. Har gobe ba na nadamar wannan ihun.