Numfashin Kaka a Cikin Kaset

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar kakana, Mahamman mai goge na Tamaske. Ina ƙaramar 'yar lakwal, wato makarantar boko, aka kai shi makwancinsa, don haka abin da na riƙe kaɗan ne: ƙamshin ƙaron da yake shafa wa izga, da yadda yakan rufe ido ɗaya in ya ɗora ƙwaryar a cinya.

Sauran saninsa a kaset na yi shi. Guda ɗaya ce tak, wadda aka ɗauka a wani biki tun kafin a haifi babana. Da farko ba kiɗa. Za ka ji yana ɗaure izga, zakara ya yi cara, wata mace ta yi dariya can nesa. Sannan ya ja numfashi ta hanci, gogen ya taso ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin jariri. Inda wani zai cika wuri da kiɗa, shi sai ya bar shiru, har ka zaci pil, batirin rediyo, ya ƙare.

Zaren kaset ɗin ya tsufa. Sau da yawa rediyo ta tauna shi, ina maida shi da bik ɗina na rubutu. Da yayana Sani ya dawo daga Abijan, ya ce a juye ta cikin salula kafin mu rasa ta. Bai fara ɗauka ba sai da kiɗa ya kankama, wai farkon hayaniya ce. Kakata Hajo ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Gogen nashi na, amma shi ba shi ciki."

Ni ba mai magana cikin manya ba ce. Ranar dai na ce, "Yaya, numfashin ka bari."

"In mun sake tana iya tsinkewa hwa, Rabi."

Kakata ta ce a sake. Ta tsinke kuwa, a tsakiyar kiɗan farko, amma farkon ya shiga.

Nakan tambayi kaina me Kaka zai ce da ya ga samari suna tsallake kiɗa da ɗan yatsa. Ina jin murmushi zai yi, ya ce sannu ba ta hana zuwa. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Mu babu wanda ya gaji gogen, ƙwaryar ma ta fashe. Abin da ya rage shi ne shirun nan nasa, da numfashin, da dariyar. Sai ranar Kakata ta gaya mini dariyar tata ce, tana amarya.