Magen Surukata

Ni dai ba mai son dabba ba ne. Tun ina yaro a Roni, in akuya ta leƙo ɗakinmu ni ne mai jifanta da takalmi, mage kuwa ko kallo ba ta ishe ni ba. Bayan iyalina, abu biyu na ɗauka da zafi a duniya: kiɗan gargajiya, da wata tsohuwar kwamfutar tebur da na saya ta hannu na kafa a ɗakina na kusa da zaure. A cikinta na tara duk abin da kunnena ya tashi da shi, kukuma, garaya, gurmi, kalangu, wasu daga kaset na kwafo su har da shessheƙar tsufansu. In na dawo daga ofis na yi la'asar, sai in kunna, in miƙe ƙafa, kowa ya yi ta kansa sai magariba. Matata cewa take injin markaɗe na ajiye a ɗaki, saboda ƙugin fankar cikinta. Oho dai.

A wata damina aka kawo surukata daga ƙauyensu na wajen Gwiwa, za a yi mata aikin yanar ido a nan Kazaure. Inna muke ce mata. Ta sauka da ƙullin kayanta da butarta, da wani kwando da aka rufe da faifai aka ɗaure da tsumma, yana motsi. Da aka buɗe sai ga mage, fara mai ɗigon ja a kunne, tana hararar kowa. Tun da maigidan Inna ya rasu, 'ya'ya suka watse gidajen aure da neman abinci, su biyu ne a gidan, ita da magen. Tare suke cin tuwo, kuma matata ta ce har hira Inna take yi mata.

Inna Bafulatana ce ta gidan kunya. Matata 'yarta ce ta fari, ko sunanta ba ta faɗa, "ke" take ce mata, balle ni. Tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba. Da safe in je bakin ƙofarta, in cire takalmi, in durƙusa in gaishe ta ta bayan labule, ta amsa ƙasa-ƙasa, in tashi. In ina tsakar gida ba ta kai loma baki. In tana da magana da ni, matata take gaya wa ko da ina tsaye a wurin, ni ma haka nake yi. Ɗakina kuwa, ko gobara ce ta tashi ba na jin za ta leƙa.

Aka yi aikin lafiya. Likita ya ce ban da sunkuyawa, ban da hayaƙi, ban da rana. Ido ɗaya a naɗe, ɗayan kuma dama dishi-dishi yake gani, yana jiran nasa layin. Matar da ta saba tatsa da daka da sharar gida, sai ga ta a kan tabarma wuni guda, carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun a bayan mage.

Wata rana aka tafka ruwa mai iska, gari ya yi sanyi. Ina zaune garaya tana tashi, sai na ga magen ta shigo kamar ɗakin ubanta, ta shinshina, ta yi tsalle ta hau kan akwatin kwamfutar, inda ɗumi yake fita. Na ce, "Ke, sauka!" Ta lumshe ido. Na ɗaga takalmi, sai na tuna ta wace ce, na ajiye. Kashegari ta dawo. Kafin a jima ta gane cewa in kiɗa ya tashi to akwatin ya yi ɗumi. Ina dannawa, kafin makaɗi ya gama gyara murya, ta iso.

Da iyakar abin ke nan, da da sauƙi. Amma ni, ni da nake cika bakin ba na son dabba, na fara ajiye mata kan kifi. In na sayo tsire sai in ware mata yanka biyu marasa yaji. In kalangu ya yi daɗi tana kaɗa bindi, ni kuma in washe baki in ce ai ta san kiɗa. Wallahi na so magen nan, kuma na ji daɗin da ta zaɓe ni. Wannan daɗin shi ne abin da ya fi damuna har yau.

Matata ce ta fara tare ni. Ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu ta ce, "Haba Malam, kai da girmanka? Tsohuwa ta zo jinya ka ƙwace mata abokiyar hira?"

Na ce, "Ni na kira ta? Ƙafarta ce ta kawo ta."

Ta ce, "Kiɗanka ne ya kira ta, kifinka ya riƙe ta."

Na yi tsaki na ƙara sauti, don na san gaskiya ta faɗa. Amma da yamma ina wucewa zuwa alwala, iska ta ɗaga labulen Inna. Ban yi niyyar kallo ba. Na hango hannunta yana lalube a kan tabarma, dama da hagu, tana kiran "mus-mus" a hankali yadda ba za a ji a waje ba. Daga ɗakina garaya tana ta tashi. Inna ta saurara, sai ta janye hannun ta mayar kan carbi. Na rasa inda zan sa kaina.

Na ɗauki matakai, ba wai ban ɗauka ba. Na rufe ƙofa, ta shigo ta taga. Na sayo abin sawa a kunne, ashe ƙugin fankar ma ya ishe ta. Na kashe kwamfutar gaba ɗaya na 'yan kwanaki, na zama kamar mai ciwon haƙori, ina faɗa da kowa a gidan, ita kuma magen ta zo ta kwanta a kan akwatin mai sanyi tana jira. Da na ga kashewar ba ta mayar da ita ba, sai na ce to me na yi ke nan, na sake kunnawa. Uzuri ne kawai na samu, na sani.

Sai na tafka babban kuskuren. Da a ce uwata ce, da na shiga na ajiye mata magen a cinya, na ce ta yafe ni, na zauna mun yi dariya. Amma ɗakin suruka ba ya shiguwa. Don haka da safe na rungumo magen, na durƙusa a bakin ƙofa, na yi gaisuwa, na tura ta ta ƙarƙashin labule. Na ji Inna ta ce, "A'a, ke ce?" da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Na miƙe ina jin na yi abin kirki. Ban yi nisa ba, sai ga munafukar ta fito tana bin ƙafata, tana kuka, har ɗaki. A da Inna tana iya cewa yawo magen take zuwa. Yanzu a gabanta aka yi.

Inna ko ƙorafi ba ta yi ba. Abin da ya ƙara kashe ni ke nan. Da ta yi faɗa, ko ta aiko matata da magana mai zafi, da na samu abin riƙewa. Abin da ta aiko da shi kawai shi ne a ce wa maigidan ya yi haƙuri, dabba ba ta da hankali, tana damunsa da aikinsa.

Da aka gama ido na biyu, kaka ta kusa, Inna ta ce gida. Na samo mota. Tun da safe na kama magen, ta yakushe ni a hannu, na cusa ta cikin kwandonta, na ɗaure faifan tamau, na kai kujerar baya da kaina. Na koma gefe na durƙusa, kaina a ƙasa. Raina yana ɗan suya, amma na ce alhamdulillahi, haƙƙi ya koma wurin mai shi.

Inna ta fito lulluɓe, yanzu tana gani tar. Ta shiga ta zauna, ta ɗora kwandon a cinya. Magen tana ta kuka a ciki tana karce saƙar. Direba ya tayar da mota. Sai Inna ta ce a dakata. A hankali ta kwance tsumman, ta ɗaga faifan, ta shafa kan magen, ta tura ƙofar motar. Magen ta dira, ta bi ta gabana da gudu, ta shige zaure ko waiwaye babu.

Matata ta ce, "Inna, don Allah, ke kaɗai ce fa a gidan."

Me zan ce? Suruka ta yi maka kyauta a gaban mutane, ka ce ba ka so? Kuma ta yaya zan yi mata magana kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba? Na ci gaba da kallon ƙasa.

Inna ta mayar da faifan kan kwandon da babu komai, ta ɗaure shi yadda yake. Ta juya fuskarta ɗaya gefen, ta ce wa matata, "Ke, gaya masa ba ta cin tuwo da zafi. Ya riƙa bari ya huce."