Kan Fim a Jibiya, Wutsiyarsa a Maraɗi

Ni dai Allah bai hore mini karatu ba, amma ya hore mini wauta mai auki, irin wadda mutum zai ci ya rage wa jikoki. Babbar cikinsu ita ce, na daɗe ina zaton mai shayin tashar Jibiya da mai shayin tashar Maraɗi fim ɗaya suke nunawa.

Ga yadda aka yi. Ina da sabon aure na kama aikin yaron mota a layin Jibiya zuwa Maraɗi. Wanda ya san aikin ya san rabinsa jira ne. Mota ba ta tashi sai ta cika, cikarta kuwa sai ranar da Allah ya so. A wancan zamanin mai shayinmu ya sayi bidiyo da ɗan janareto, ya ɗora talabijin a kan durom, ya zama sarki. Mu zauna a benci, kofi ɗaya a hannu har ya huce, ana fim ɗin Indiya. Sai an zo daidai inda uban yarinya ya zaro ido ya ɗauko bindiga, sai direbana ya danna hon. In tashi ina waige, in ɗaure kaya, mu kama hanya.

A Magama mu tsaya wa namu, mu tsallaka mu tsaya wa duwan, wato kwastan ɗin Nijar, da jandarma, a kwance buhu, a ɗaure buhu. Kafin mu shiga Maraɗi rana ta yi sama. Can ma akwai mai shayi da talabijin ɗinsa, kuma kullum ƙarshen fim nake tararwa. In duba, ga mutumina jarumin fim mai gashi kamar an shafe shi da man shanu, wanda na baro a Jibiya. Ga yarinyar ma, ko wata mai kama da ita. Ni ina na san mutum ɗaya kan fito a fim ɗari? Sai in ce alhamdu lillahi, na riske su.

Abin da ya ɓace a tsakani kuwa, hanya ce ta cinye, sai in cike da hankalina. Na bar saurayi yana kiwon shanu, na same shi da kakin ɗan sanda: to, ya samu aiki ke nan. Na bar budurwa tana dariya a gonar furanni, na same ta da farin zane tana yawo a wani kangon gida, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa: to, baƙin ciki ya kashe ta, ga fatalwarta ta dawo neman masoyi. Ban taɓa jin wani abu ya yi mini gardama a ciki ba.

In na dawo gida, mai ɗakina tana tankaɗe ko tana gyaran wake, sai in zauna in zazzage mata fim tun daga kai har wutsiya. Ita ba ta zuwa tasha, kuma a lokacin babu talabijin a unguwarmu. Ashe ba a kunnenta abin yake tsayawa ba. Gidan kitso, gidan suna, wajen daka, duk ta kai. Kuma ta fi ni iyawa, don ita har kukan uwar saurayi takan yi, da murya da komai. Kafin wani lokaci, in ana biki a Riko ko Bugaje, sai a aiko musamman a ce a zo da ita, mata na son labari.

Ranar da asirina ya tonu wa kaina, a Maraɗi ne. Na shiga rumfar mai shayi na ga mutumina da gemu da rawani, na ce, “Ikon Allah! Yaron nan har ya tuba? Da safe na baro shi yana rawa a kan jirgin ƙasa.”

Mai shayin ya ajiye butarsa ya dube ni. Ya ce, “Ɗan Najeriya, wane fim ka baro?”

Na ce, “Wannan mana.”

Aka bushe da dariya, har wani mai kanwa ya faɗo daga benci. Ranar aka zaunar da ni aka yi mini karatu kamar ɗan yaye. Na koma gida da niyyar in faɗa mata gaskiya. Na tarar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta ce, “To Malam, yau me ya samu yaron nan?” Na dubi furar, na dubi fuskarta. Na ce, “Ke dai bari. Ya tuba.”

Daga nan abin ya tashi daga wauta ya koma sana'a. Har na san wane kai ne yake shiga da wace wutsiya. Wanda na fi so tun asali shi ne na talaka da 'yar mai kuɗi, don shi kowace wutsiya ka ɗaura masa zama take yi. Na ban dariya, inda saurayi da budurwa suke fara da zagin juna a kan wurin zama a mota, shi ma ina sonsa, don irinsu nake lodi kullum, kuma na san inda zagin yake kaiwa. Akwai na mantuwa, wanda mota take buge jarumi ya manta matarsa, sai an sake ƙwala masa wani abu a ka ya tuna. Wannan taimakona yake yi ƙwarai, don duk inda labari ya ƙi haɗuwa sai in sa mota ta buge wani. Na aljanu mata sun fi so, amma ni tsoro yake ba ni, musamman in za mu ratsa daji. Wanda ban yarda da shi ba shi ne na mutuwa a sake haihuwa a sake soyayya. In na zo kansa sai in ce ɗan ƙanensa ne mai kama da shi, in huta da tambayar malamai. Na Hausa da suka zo daga baya ban taɓa su ba, don kowa na jin abin da ake faɗa, ba wurin ha'inci. Masu dogon zango na Turkiyya kuwa na gaishe su, su ma kamar ni suke, ba su san inda za su tsaya ba.

A cikin duk labaran akwai ɗaya da ya zama nata na kanta, na mai gyaran keke. Wani saurayi ne mai rumfar faci a bakin hanya, da 'yar mai masaƙa wadda kullum take huda tayar kekenta da allura don ta samu dalilin zuwa. Nan na baro su a Jibiya. A Maraɗi na samu mutumin da kakin soja yana dambe a kan rufin gida, daga ƙarshe aka ɗaura aure da giwa da kalangu irin nasu. Na haɗa. Wannan labari ba bikin da mai ɗakina za ta je a bar ta ta tashi ba ta ba da shi ba.

Shekaru suka tafi. Gwiwa ta hana ni hawa kan kaya, na koma ɗan kamasho a tasha, ina kiran fasinja da guntun muryar da ta rage. Waya ta zo, kowa da sinimarsa a aljihu, har da fassarar Hausa. Ni kuwa hankalina kwance, ina cewa wa zai tono tsohon fim na zamanin kaset?

Ƙanwar mai ɗakina ce ta tono. A Maraɗi take aure, kuma tun tana yarinya ba ta da aiki sai tsokanata. Ta zo sunan jikarmu, gida cike da mata. Bayan an ci an sha, aka ce a ba da na mai gyaran keke. Ina zaure ina jiyo su. Mai ɗakina ta kai wajen giwa, sai na ji muryar ƙanwar.

“Yaya, wace giwa? Fim ɗin ga yana cikin wayata. Babu soja, babu giwa, ba su ma yi aure ba.”

Mai ɗakina ta ce, “Ke, Malam da idonsa ya gani.”

“Da wane idon? Na Jibiya ko na Maraɗi?”

“Gobe bayan azahar ki kunna shi a nan, gaban kowa. In ba a ɗaura auren nan ba, kada a sake kirana mai labari.”

Goron da ke bakina ya koma ƙasa. Ni in an yi mini dariya ba komai, na saba, da ita na girma. Amma ita, matar da ake aiko wa mota daga Bugaje don a ji bakinta, a ce a gaban ƙannenta da surukanta za a nuna shekara da shekaru kayan jabu take rabawa, kuma daga hannun mijinta ta saro?

Washegari na yi iya dabarata. Na ce wa ƙanwar ai ba wuta a garin, kada wayarta ta mutu a hanyar komawa. Ta nuna mini wani faranti mai caji da rana, ta ce, “Mijin yaya, rana ma kun ɗauke ta?” Na ce ina da gaisuwar rashin lafiya a Daddara. Mai ɗakina ta ce mara lafiyar zai jira la'asar, ai ni ne shaida. Aka ajiye mini kujera a gindin bishiyar bedi, nesa kaɗan da mata, kamar wanda za a yi wa shari'a.

Aka jingina wayar a cikin kwanon sha don murya ta fito. Mata suka yi cincirindo a kanta. Farkon duk daidai, ga rumfa, ga allura, ga taya. Mai ɗakina tana ta gyaɗa kai, tana cewa “Kun gani?” Ni ma har na fara miƙe ƙafa.

Sai aka zo inda saurayin ya gama faci ya miƙa wa yarinyar kekenta. Na ga matan sun gyara zama, mai ɗakina ta ɗaga hannu. Ashe a nan ne maganar da suka haddace take, har suka fara jero ta tare: “Ni ba ni da komai sai faci da famfo, amma in kin yarda, duk inda duniya ta huda ki, ni zan liƙe.” Shi kuwa bawan Allah ya buɗe baki, mai fassara ya ce, “Ga kekenki. Ki daina bi ta kan ƙaya.”

Shi ke nan abin da ya ce. Mai ɗakina ta sauke hannunta. Ba ta dube ni ba, kuma da ta duba da ya fi mini sauƙi.

Daga nan fim ya kama hanyar da ban taɓa bi ba. Ba kaki, ba dambe. Yarinya ta hau jirgin sama da wani mai tabarau, mutumina ya tsufa a rumfarsa, ƙarshe wata 'yar budurwa, 'yar da yarinyar ta haifa, ta turo masa tsohon keken uwarta. Mata suka sha kuka. Ni ma, in faɗi gaskiya, wani abu ya faɗa mini a ido. Wannan ne fim na farko da na gani daga kai har wutsiya, kuma ban ji daɗin yadda suka yi da yaron ba.

Ƙanwar ta ɗauke wayarta tana murmushi. “To Yaya, ina giwa?”

Mai ɗakina ta share ido da bakin mayafi, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce, “A ina kika sa wannan a wayarki?”

“A Maraɗi.”

“To ai shi ya sa. Wannan na Nijar ne. Namu na Najeriya ba haka ya ƙare ba.”

“Yaya! Fim ɗin ma har da na Nijar da na Najeriya?”

“Shinkafa iri biyu ce, taliya iri biyu, madara iri biyu. Ko maganin sauro naku daban namu daban. Sai fim ne za a ce ɗaya?”

Wata dattijuwa daga Riko ta ce, “Wallahi gaskiya ne. Ni atamfa na saya a can, zane iri ɗaya da ta nan, wanki ɗaya ta zuba.” Wata ta ce su na Nijar ai komai nasu da ƙarancin gishiri. Aka kwashe da shewa. Dattijuwar ta ce ita dai ba za ta koma gida da wannan baƙin cikin ba, a ba su na Najeriya su wanke ido. Mai ɗakina ta miƙe tsaye ta ba da shi tun daga allura, ta sa mutumin a kaki, ta hau da shi rufin gida, ranar nan giwar ma biyu ta zama. Har ƙanwar sai da ta yi guɗa wajen ɗaurin aure. Da za ta wuce ta gabana ta rage murya ta ce, “Tsoho, ka ci bashin bakin yayata.” Na ce mata ni kaji nake kallo, ban san abin da ake ciki ba.

Bayan la'asar baƙi suka watse. Na zauna ina jiran hukunci. Mai ɗakina tana wanke kwanuka a bakin rariya, ta ba ni baya. Ta wanke, ta ɗauraye, ta kife, har na fara tunanin ko in tafi Daddara da gaske. Sai ta tsaya da kwano a hannu, ba ta juyo ba.

Ta ce, “Malam, giwa da soja na san inda ka samo su. Amma maganar facin nan, tunda ba shi ya faɗa ba, wa ya faɗa, kuma wa ake faɗa wa?”