Taisho Ya Zama Mai Reno

Idan ka tambayi Nakahira Kuniyasu sunan kakansa na wajen uwa, sai ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗaki, ya sosa ƙeya, ya ce a tambayi matarsa. Amma ka kuskura ka tambaye shi asalin dokin da yake kula da shi, to ka nemi wurin zama, don shayinka zai huce a sake maka wani bai kai kaka na biyar ba.

Ɗan masunci ne a gaɓar Kochi, can kudancin ƙasar Japan. Yana da shekara goma sha biyar ubansa ya sa shi a jirgin kamun kifi, ya yi kwana uku yana kelaya amai har ya koma kamar tsumma. Da suka dawo uban ya dube shi ya ce, "Kai dai ba na ruwa ba ne, je ka nemi abin da ke tafiya a ƙasa." Haka Kuni, kamar yadda ake kiransa, ya faɗa filin sukuwar garinsu da burin zama mahayi. To, shi mahayi ɗan firit ake son sa, shi kuwa Kuni bai iya ganin shinkafa ya ɗauke kai ba. Cikin shekara biyu ya yi kafaɗu, ya yi wuya, sikeli ya ƙi shi. Aka miƙa masa shebur da buroshi aka nuna masa barga. A nan ya yi shekara hamsin da ɗoriya, yana kwashe kashi, yana wanke kofato, yana shan cizo da harbi. Matarsa Harue takan ce ita rabin miji ta aura, ɗaya rabin yana barga.

Dawakin da suka bi ta hannunsa ba sa ƙirguwa, amma wanda ya shiga ransa ya yi kane-kane shi ne Kurogane Taisho. Akawal ne dogo mai farin goshi, in ya tsaya sai ka rantse zana shi aka yi. Ubansa Aranami ya ci manyan tsere a Tokyo har ana buga hotonsa a jikin kofin shayi. Uwarsa Hanagasa 'yar wani doki ce da aka kawo daga Ailan a jirgin sama. Ranar da aka kai Taisho kasuwa yana ɗan shekara ɗaya, saura ƙiris attajirai su ba hammata iska a kansa.

Wanda ya yi nasarar sayensa ya kai shi manyan filaye. Tsere huɗu ya yi, duk huɗun yana can baya yana shan ƙasar da sauran ke watso masa. Aka ce rawar kai ce da son goɗiyoyi, aka dandaƙe shi ko zai natsu. Ya kuwa natsu, har natsuwar ta yi yawa. Daga nan aka yi ta gangarawa da shi daga wannan hannu zuwa wancan, har ya iso ƙaramin filin da Kuni yake.

Jimilla tsere tamanin da uku ya yi a rayuwarsa, ya ci uku. Ɗaya daga cikin ukun ma ranar wata guguwa ce da rabin dawakin ba su fito ba. Amma Kuni bai taɓa rasa uzuri ba. In an yi ruwa, ƙasa ta yi taɓo. In ba a yi ba, ta yi tauri. In komai ya yi daidai, to mahayin ne sakarai. Kafin kowane tsere, in yana zagayawa da shi don 'yan kallo su gani, tsofaffin 'yan caca sukan jingina da shinge su yi ta tsiya.

"Kuni-san! Yau ma ɗan manyan ya fito shan iska?"

"Sauke mahayin ka goya dokin, za ku fi sauri!"

Kuni ya harare su ya ce, "Ku da ba ku san kakanninku ba, me kuka sani a kan doki? Jinin yana nan, lokacinsa ne bai yi ba."

Lokacin bai yi ba har Taisho ya cika shekara goma sha ɗaya, mai shi ya ce ya gaji. A takarda aka rubuta cewa dokin zai koma makarantar koyon hawa. Duk ɗan barga ya san abin da wannan rubutu yake nufi ga tsohon dokin da ba ya haihuwa: wata babbar mota ce za ta zo da safe, ƙarshen tafiyarta mahauta. Kuni ya sha ganin motar nan, ya sha kawar da kai. Wannan karon ya kasa. Shi ma ɗin gwiwoyinsa sun gaji, a watan ne zai ajiye aiki. Ya roƙi mai dokin ya ba shi wata guda, ya zauna ya rubuta wa gonakin kiwon dawaki goma sha tara wasiƙa da hannunsa, kowacce shafi uku, biyu da rabi duk salsala ce.

Gona ɗaya ce ta amsa, can Hidaka a arewa, ta wata dattijuwa Uwargida Sasabe. Kaka ta shigo, lokacin yaye. In aka raba duƙusai da iyayensu sukan haukace da kuka, su ƙi abinci, don haka akan haɗa su da tsohon doki ya zame musu uba da uwa. Nata mai renon ya mutu da bazara. Ta ce a kawo Taisho gwaji na mako guda, in bai yi ba motar nan tana bi ta Hidaka ma.

Kuni ya naɗe shimfiɗarsa, ya cusa kayan sanyi a jaka. Harue ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, doki aka gayyata ko kai?"

"Wa zai san yadda yake son dusarsa? In ya samu gurbi ai dole su ba ni ɗan ɗaki. Na zauna can in an ga hali sai ki biyo ni."

"In biyo ka cikin ƙanƙara? Ka gaida su."

Kwana biyu suka yi a mota da jirgin ruwa, Kuni ya tuna dalilin da ya sa bai zama masunci ba. Da suka isa ya rusuna wa Uwargida Sasabe, ya miƙa mata tsarabar busasshen kifi da hannu biyu, ya gyara murya ya fara: "Wannan shi ne Kurogane Taisho, ɗan Aranami, jikan..."

"An dandaƙe shi ko?" in ji ta.

"An yi, Uwargida."

"To asalin nasa wa zai gada? Ni ba miji nake nema wa goɗiyoyina ba, Nakahira-san, mai reno nake nema. Chizuru, buɗe musu."

Chizuru 'yarta ce, ita ke tafiyar da aikin gonar. Ta buɗe makiyayar da ke bayan tudu, inda duƙusai bakwai suke ta haniniya suna neman iyayensu. Taisho ya shiga da takunsa na isa, Kuni yana bakin shinge ƙirjinsa kamar zai fashe don alfahari. Duƙusan suka yi tsit, suka matso. Sai wata 'yar ja mai ƙaton ciki ta zagaya ta cusa kai ƙarƙashin cikinsa tana laluben nono.

Tabɗi! Taisho ya yi wani tsalle da ƙafa huɗu, ya dire, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Duƙusan kuwa suka ɗauka uwa ce za ta sake gudu ta bar su, suka rufa masa baya su bakwai. Ya bi shinge ya zagaye makiyaya, suna biye. Ya tsaya shan iska, 'yar jar ta sake cusa kai, ya sake zabura.

Chizuru ta riƙe ciki tana dariya. "Kawu, ashe yana gudu!"

Uwargida Sasabe kuwa ta juya ta koma gida. Kuni ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Washegari ma haka aka wuni, doki na gaba, yara na baya. Da yamma Kuni ya kama kunnensa ya yi masa faɗa sosai. "Kai ba ka da kunya? Kakanka ya ƙetare teku, kai jarirai ke kora? Ka san motar da ke jiran ka kuwa?" Taisho ya cusa hanci a aljihunsa yana neman karas.

Rana ta uku Uwargida da Chizuru suka tafi kasuwar dawaki ta kwana uku, suka bar ma'aikacinsu da ba da abinci. Kuni ya ga dama ta samu. Tun da safe ya shiga makiyayar ya tsaya. Taisho na ganinsa ya sheƙo ya laɓe a bayansa, ya ɗora haɓa a kafaɗarsa, ya yi ajiyar zuciya. Duƙusan suka kewaye su. In 'yar jar ta nufi ciki, Kuni ya tare ta da gwiwa. Haka ya yi kwana uku a tsaye kamar turke cikin iskar da ke yanka kunne. Suka tauna masa hula, suka cinye maɓallan rigarsa, ɗaya ya yi masa fitsari a takalmi. Bai damu ba. Ko taku goma Taisho bai yi da sauri ba, Kuni har yana yi wa kansa kirari a zuci.

Ranar da suka dawo, Uwargida ta kira shi ɗakin girki, ta zuba masa shayi. Chizuru na gefe da kwamfutarta.

"Nakahira-san, ka yi haƙuri. Na kira masu mota, jibi za su zo."

Kofin ya kusa suɓuce masa. "Uwargida, ai ya gyaru! Kwana uku ko motsi bai yi ba!"

"Shi ne matsalar." Ta nuna 'yarta da baki. Chizuru ta juyo masa da kwamfutar. Ashe 'yan ƙananan akwatunan da ya gani a ragamar duƙusan ba ado ba ne, tafiyar da suka yi a wuni suke aunawa.

"Duba nan, Kawu. Rana ta farko da ta biyu kilomita goma sha takwas-takwas suka yi. Suka cinye abincinsu tas, suka kwanta, ba wanda ya yi kukan uwa. Mama har cewa ta yi ba ta taɓa samun mai reno irinsa ba. Daga rana ta uku kuwa, kilomita biyu."

"Dawakin tsere nake kiwo, ba shanun kitso ba," in ji Uwargida. "Ƙafar da ba ta yi gudu tana ƙarama ba, ba ta da amfani a fili. Na ɗauka na yi dace, ashe na kwana biyu ne. Tsufa ya kama shi."

Kunnuwan Kuni suka yi zafi. Shekara hamsin yana roƙon dawaki su yi gudu, yau ga shi ya yi kwana uku a tsaye yana hana ɗaya. Ya sauka daga kujera, gwiwoyi na ƙara, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa.

"Ba tsufa ba ne, Uwargida. Ni ne."

Ya kwashe duka ya faɗa mata, har da maɓallan. Chizuru ta toshe baki ta fita waje, ana jiyo ta tana tari. Uwargida ta daɗe tana kallon ƙeyarsa.

"Wato in kana nan, bayanka yake laɓewa."

"Haka ne."

"In kana bakin shinge fa?"

"Yanzu ya gane hanya. Zai zo ya tsaya."

"To tashi, kada gwiwar ta maƙale mini a nan. Zan hana motar zuwa. Dokin zai zauna, zai ci ya sha har ƙarshen ransa, na yi maka alkawari. Amma kai gobe za ka tafi. Kada ya gan ka, kada ya ji muryarka. In ka yi kewarsa Chizuru za ta aika maka hoto."

Abin da Kuni ya ƙetaro teku nema ke nan, ya samu, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa shi ne za a cire daga ciki ba. Ya sake kai goshi ƙasa ya yi godiya.

Hanyar tashar bas ta gefen makiyayar ta bi, ba wata. Da safe ya ɗaura shimfiɗarsa a baya, ya duƙa ƙasa da tsayin ciyawar bakin shinge, tsoho ɗan shekara sittin da takwas yana rarrafe a kwata kamar ɓarawon kaji. Ya kai rabi sai iska ta juya. Taisho ya ɗaga kai, ya buɗe hanci, ya yi haniniyar da yake yi kowace safiya in ya ji takun Kuni a barga. Kuni ya manne da ƙasa. Dokin ya sake kira, ya matso har Kuni yana jin hucinsa ta cikin ciyawa. Bakinsa ya buɗe da kansa zai amsa, ya cusa hannun rigarsa ya cije.

Kira na uku bai ƙarasa ba ya koma ƙara, da alama 'yar jar ta iso. Ƙasa ta ɗauki rugugin kofato, manya huɗu a gaba, ƙanana rututu a baya, suka yi can ƙarshen makiyaya. Kuni ya zauna a cikin kwatar ya yi kuka sosai, irin wanda bai yi ba tun rasuwar ubansa. Da ya gama ya share fuska da taunanniyar hularsa, ya ci gaba da rarrafe har sai da ya wuce tudu, sannan ya miƙe tsaye.