Alhusaini da Gonakin Waɗanda Suka Tafi

Alhusaini na Tungar Takawa, arewa da Ibohamane, mutum ne da bai iya zama ba. Kana cikin gaisawa da shi ƙafarsa ɗaya ta riga ta kama hanya. Abin da zan faɗa a nan a bakinsa na ji, galibi muna tafe, yana gaba ina baya.

A shekarar 1974, bayan farin da ya cinye dabbobi, tungar ta watse. Gida goma sha ɗaya ne a da, aka bar uku. Ƙanensa Isaka ya kwashi iyalinsa ya yi Legas, sauran suka bazu Sakkwato da Kano. A shekarar nan ne tari ya kama matarsa Cima, ya kai ta wani asibitin masu mishan gaba da Madawa. Kafin su kai bakin titi sai da suka ratsa kwarin da shanun ƙasar suka zube, ƙashi fari fat ko'ina.

A asibitin akwai wani mai wa'azi, Malam Halidu, da ke karatu daga littafinsu kowace safiya kafin a fara ba da magani. Alhusaini Musulmi ne, ba ya tsayawa saurare, sai dai kai da komo bayan rumfa. Ran nan ya ji an ambaci kwari cike da busassun ƙasusuwa, sai ya tsaya cak. Labarin wani annabi ne da Allah ya kai cikin kwarin, ya umurce shi ya yi wa ƙasusuwan magana. Suka motsa, kowane ya nemi ɗan'uwansa, jijiya ta hau, nama ya hau, fata ta rufe, daga ƙarshe numfashi ya shiga.

Da aka tashi ya tare mai wa'azin.

"Malam, wanga kwari ina shike? Don ni shekaranjiya na biyo ta cikinai."

Malam Halidu ya yi dariya, ya ce ba a ƙasarsu ta Adar yake ba. Mutanen annabin an kwashe su ne zuwa wata ƙasa, har suka ce tasu ta ƙare, sai Allah ya yi alkawarin mayar da su gida. Ya ce kuma akwai ishara ga tashin matattu a ciki.

Da Alhusaini ya koma tunga ya ba limaminsu labari. Liman ya ce tashin ƙiyama ke nan, ba sai an je wurin Nasara za a ji shi ba. Alhusaini bai yi musu ba, amma abin da ya maƙale masa dabam ne: ƙashi ne ya fara haɗuwa, numfashi ya zo daga baya. In ana so mutane su komo, sai su tarar da abin da za su shiga.

A lokacin an ji a rediyo cewa gona ta mai nomanta ce, mutanen garuruwan maƙwabta kuwa sun fara zagaya gonakin da aka bari. Da ruwan shuka ya sauka, Alhusaini ya ɗauki sungumi ya bi gonaki takwas na waɗanda suka tafi, ya shuka layi shida ko bakwai a kowace, daidai yadda ba wanda zai ce saura ce. Sai bayan nan ya zo tasa, laima ta kusa tafiya. Da rani ya riƙa yaɓe rumbunan da ba kowa, yana dasa gamba a kan iyakoki.

Kowace shekara tasa gonar ce ta baya a tungar. Cima takan tsaya bakin rumbu ta leƙa.

"Maigida, mutanen Legas sun ƙoshi bana? Don mu nan da saura."

"Ki yi haƙuri, Cima."

"Haƙurin na dakawa shike? Kawo in surfa."

A shekara ta huɗu tarin Cima ya dawo, suka koma asibiti. Alhusaini ya gaya wa Malam Halidu abin da yake yi, yana jiran yabo. Mai wa'azin ya ce, "Baba, annabin bai taɓa ƙashi ko ɗaya da hannunsa ba. Magana kawai ya yi musu."

Wannan magana ta hana Alhusaini sukuni. Bai bar shukar ba, sai dai ya ƙara wa kansa aiki. Duk ranar kasuwar Tamaske yana tasha, yana bin masu kamyo, wato manyan motocin kaya, da ƴan ci-rani da saƙo: a gaya wa wane gonarsa na nan, a gaya wa Isaka rufin ɗakinsa bai zuba ba. Har ƴan tasha suka sa masa suna Mai Kiran Ƙashi. Shekara biyar ba amsa, in ban da wani hoto da Isaka ya aiko, yana tsaye kusa da motar da ba tasa ba.

A farkon 1983 Nijeriya ta kori baƙi. Wata rana da hantsi kamyo ya sauke mutane a Ibohamane, cikinsu har da Isaka, da katifa a ka da rediyo a hannu, ya rame, ƴaƴansa ba su san hanyar tunga ba. Gida huɗu suka komo a watan nan.

Alhusaini bai bari Isaka ya sha ruwa ya huta ba, ya ja shi gona. Isaka ya tsaya yana duban gambar iyaka da karan layukan bara.

"Yaya, wa yan noma wanga?"

"Wa kake zato? Irinka na rataye cikin rumbunka. Bana kai ka shukawa."

Isaka ya durƙusa a bakin gonar. Cima, da ta biyo su da ƙwaryar fura, ta ce, "To, alhamdu lillahi. Bana dai a fara da tamu."

Alhusaini ya dubi gabas, inda gonakin waɗanda ba su zo ba suke.

"Saura huɗu," ya ce, ya wuce duba iyakarsu.