Ranar da Na Ce Ba Komai

Ni ne na yi kuskure, ba na'urar jirgin ba. Jiya na ji ƙahon jirgi daga bakin teku, sai na tuna da Baba, dattijon da ke tuƙa jirgin da muke kai ma'aikata rijiyoyin gas daga Doha.

Ya tsani a ce masa "ba komai". Yakan ce a ruwa sai ka duba kafin ka faɗa.

Wata rana, hasken rana na dukan ruwa, ni ke duban hanya. Ya ce, "Ɗana, me ke hannun dama?" Idona na kan waya, na ce, "Ba komai, Baba." Sai ga jirgin masunta na katako dab da mu, har muna jin ihunsu. Ya murɗa sitiyari da duk ƙarfinsa, muka wuce da ƙyar.

Da kamfani ya yi bincike, na ce na'urar hango jirage ce ba ta nuna ba. Kamfani ya sallame shi, amma Baba bai taɓa ambaton sunana ba. Allah ya haskaka kabarinsa.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi a ɗakinsa na unguwar Najma na iya zuwa. Na durƙusa na ce, "Baba, ban duba ba. Ka yafe mini."